Masu ADHD da ke aiki, ta yaya kuke gane kai ya cika tun kafin abu ya ɓaci?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake rubutawa a nan ban taɓa tofawa ba, yau dai na ce bari in fito. Ni akanta ce a wani kamfani a Kano, shekara 2 ke nan da likita ya tabbatar mini ina da ADHD, wato lalurar nan ta rashin tattara hankali da rashin natsuwa. Mantuwa da makara da tara aiki sai ranar ƙarshe duk na saba da su, na kuma samo dabarun da nake lallaɓawa. Abin da ya same ni ranar Alhamis ɗin ƙarshen watan jiya ne ya tsorata ni.

Na shiga ofis ƙarfe 8, lissafin albashin ma'aikata yana jirana, aikin da na yi ya fi sau 30. Na kunna kwamfuta, na buɗe Excel, na zauna. Har aka kira azahar ban shigar da lamba ko ɗaya ba. Ba waya nake dannawa ba, ba hira nake ba. Ina kallon layukan, na san abin da ya kamata in yi, amma hannuna ya ƙi tashi, kamar an ɗaure ni a kujerar. Ƙarar janareton da na shekara 4 ina ji ba ta taɓa damuna ba, ranar ji nake kamar a cikin kaina aka tayar da shi. Da masinja ya leƙo ya tambaye ni shinkafa zan ci ko ɗanwake, sai kawai na ji hawaye na zuba. Na shiga bayi na yi kuka mai isata.

Da na natsu na waiwaya, sai na ga abin ba rana ɗaya ya faɗo ba, ya yi kusan mako 3 yana taruwa ban lura ba. Shi ne nake tambaya, ku da kuke aiki da wannan lalura, mene ne kuke fara gani a jikinku ko a halinku da ke nuna muku kaya sun fara fin ƙarfinku?

Malamin Lissafi:
Wa alaikumus salam. Sannu 'yar uwa, Allah Ya ƙara sauƙi. Ni alamata ta farko shiru ce. Duk wanda ya san ni a ɗakin malamai ya san ba na rufe baki, har tsokanata ake yi. To idan kika ga na fara cin abinci a cikin aji ni kaɗai, na daina amsa saƙon WhatsApp, an kira ni ina kallon wayar har ta katse, to an fara. Ba fushi nake da kowa ba. Kowane saƙo ji nake kamar an ƙaro mini bulo a ka, ko da kuwa "ya gida" ne kawai aka rubuta. Kuma idan ya kwana 2 ban amsa ba sai kunya ta hana ni amsawa, a haka har ya yi wata.

Lokacin makin jarrabawa ya fi kama ni. Aji 4 nake koyarwa, kowanne ya haura ɗalibi 60. Sai in ɗauko takardun in kai gida, in dawo da su makaranta, in sake kai su gida, suna cikin jaka ban ko kwance igiyar ba. Yanzu na gane cewa ranar da jakar nan ta yi zuwa 3 ba a buɗe ta ba, ba lalaci ba ne ya kama ni, kai ne ya cika.

Ɗan Kwari:
Hajiya Allah Ya ba da lafiya. Amma ni gaskiya zan faɗa, kar a ji haushina. Wane ne a ƙasar nan kansa bai ɗau zafi ba? Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa a jigace yake, ga haya, ga kuɗin makaranta, ga cefane. Ni ma akwai ranar da nake zaune a shago mai saye na yi mini magana hankalina na wani wuri. Ban ce ina da wata cuta ba. Komai yanzu sai an raɗa masa sunan Turanci, har mutum ya samu abin fakewa. Iyayenmu sun yi noma sun yi fatauci har Gwanja, ba mu ji sun ce hannu ya ƙi tashi ba.

Sista a Kaduna:
Alhaji, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Matar nan ba ta ce tana neman hutu ba, aikinta take so ta riƙe. Iyayen da kake faɗa ma akwai waɗanda ake ce wa "ba ya zama wuri ɗaya" ko "kansa kamar na kaza", wasu an yi ta dukansu a makarantar allo har suka gudu. Suna ne kawai ba a sani ba.

Anti Uwar Biyu, ni abin da nake fara gani shi ne dabaruna sun daina aiki. Ina da ɗan littafi a aljihun rigar aiki da nake rubuta komai, ina da ƙararrawa a waya ta lokacin ba marasa lafiya magani. Idan ina lafiya, su ke riƙe ni. Idan kai ya fara cika, sai in ga ƙararrawa ta buga na kashe ta ban ma san na kashe ba, littafin kuma in neme shi in rasa, in same shi a cikin firji ko a kan injin wanki. Aikinmu kuma ba ya son haka, shi ya sa da na ga wannan nake zuwa wurin shugabar ɗakinmu in ce a haɗa ni da wata a rabon magani na kwana biyu.

Likitan Ƙwaƙwalwa:
Bari in sa baki, tunda Alhaji ya kawo tambayar da mutane da yawa ke da ita a zuci. Gaskiya ne kowa na gajiya, kowa na mantuwa. Don haka ma ba a ce wa mutum yana da ADHD saboda ya shiga matsi a bana. Ƙa'idar da likitoci ke bi, wadda ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sabunta a 2013, ta ce sai alamun sun faro tun kafin mutum ya cika shekara 12, sun kai wata 6 suna nan, suna bayyana a wuri fiye da ɗaya, kamar gida da wurin aiki, kuma suna ɓata masa al'amura a zahiri. Ga babba, ana neman alamu 5 aƙalla daga rukunin rashin tattara hankali ko rukunin rashin natsuwa da gaggawa. A lissafinsu kusan kashi 5 cikin 100 na yara ne ke da shi, manya kuma kusan kashi 2.5. Gado na da ƙarfi sosai a ciki, shi ya sa sau da yawa uwa ko uba kan gane nasu ne ranar da suka kawo yaro. Kuma ba sabon abu ba ne, wani likita a Ingila mai suna George Still ya yi bayanin yara masu irin wannan hali tun 1902.

Abin da ya samu 'yar uwarmu yana da dalili. Ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke tsara abin da za a fara da abin da za a bari, da riƙe abu a rai har a gama, da danne fushi, shi ne yake aiki da wahala a mai ADHD, kuma sinadaran da ake kira dofamin da noradirenalin suna da hannu a ciki. Mai ADHD yana kashe ƙarfi mai yawa a kan abin da wani ke yi ba tare da tunani ba, kamar tuna inda ya ajiye makulli ko zama a taro na awa guda. To idan rashin barci da ƙarin aiki da damuwar gida suka haɗu, ɗan ƙarfin da ya rage sai ya ƙare. A nan ne za ki ga zaɓi tsakanin shinkafa da ɗanwake ya zama dutse.

Abin da nake gaya wa marasa lafiyata shi ne kada su auna kansu da mutanen ofis, su auna kansu da yadda suke wata 2 da suka wuce. Mantuwar da kika saba da ita ba ita ce ƙararrawa ba. Canjin ne ƙararrawa.

Uwar Biyu:
Likita wallahi wannan magana ta ƙarshe ta shige ni. Da na duba makonnin nan, ga abin da na gani. Na fara kai wa ƙarfe 2 na dare ban kwanta ba, ba don ina wani aiki ba, sai don lokacin ne kaɗai ba mai kiran sunana. Na daina karyawa, sai shayi mai kauri kofi 3 kafin azahar. Ƙaramar 'yata ta zubar da ruwa a tabarma na daka mata tsawar da har yanzu idan na tuna sai zuciyata ta yi zafi, yarinyar da shekararta 4. Sannan salla. Kusan kowace salla sai na rasa raka'a ta nawa nake, har na fara jin tsoron tayar da ita.

Hajiya Inna:
'Yata, sannu. Ni ba boko na yi mai zurfi ba, amma wannan na salla da kika faɗa, ki dage da azkar na safe da yamma, ki riƙa karanta Falaƙi da Nasi. Wani lokaci bakin mutane ne, mace tana aikinta tana samu, ido ya yi mata yawa. Ban ce ki bar asibiti ba.

Ɗalibin Fiƙihu:
Inna ta yi gaskiya a kan azkar, ba mai raba Musulmi da su. Sai dai ina so in sauke wa 'yar uwa wani nauyi. Malamanmu na Malikiyya sun yi magana a kan wanda kokwanto ya aure shi, wato yake zo masa kullum a salla. Hukuncinsa ba irin na wanda ya yi rafkanwa sau ɗaya ba ne. Cewa suka yi ya kau da kai daga kokwanton, kada ya yi ta ƙaro raka'a, ya yi sujada ba'adi bayan sallama. Ki tambayi malamin da kika yarda da shi ya warware miki daidai da halinki, amma kada ki ɗauka Allah Ya yi fushi da ke ne. Na ga mutanen da wannan tunani ya sa suka riƙa maimaita salla sau 3 sau 4 har ta zame musu azaba.

Maigidan Wata:
Ni ba ni da shi, matata ce ke da shi, tana ɗinki da 'yan mata 3 a ƙarƙashinta. Abin da zan ƙara shi ne sau da yawa na kusa ne ke riga mai abin gani. Shekarun farko na aurenmu mun sha rigima, don idan sallah ta matso sai ta canza mini gaba ɗaya, in yi magana ta ce in ƙyale ta, in taɓa kafaɗarta ta zabura. Na ɗauka raini ne. Ashe ta karɓi ɗinkin da ya fi ƙarfinta ne, don ba ta iya cewa a'a, kuma a ranta gani take kwana 10 za su isa aikin wata guda.

Yanzu alamar da nake dubawa ita ce idan na dawo na tarar ta bar kayan mutane a kan keke ta koma tana goge kwanukan da ba a amfani da su, ko tana jera zare launi-launi. Aikin da ba a sa ta ba take yi da ƙarfinta duka, wanda ake jira kuma ko kallonsa ba ta iya yi. Idan na ga haka ba na cewa "me ya sa ba ki gama ba". Kujera nake ja in zauna kusa da keken ina duba wayata, in ce ta ɗauko riga ɗaya kawai. Zaman nan nawa shi ke sa ta fara. Ban san dalili ba, amma yana aiki.

Malamin Lissafi:
Yallaɓai, Allah Ya saka maka. Wannan zaman da kake yi, mu ma shi ke cetonmu. Ni makin da na kasa a gida, idan na zauna kusa da wani malami yana nasa, sai in ga na yi 20 kafin a tashi.

Nas a Ingila:
Anti, shawarata ki gaya wa shugabanki a ofis. A nan dokar daidaito ta 2010 ta wajabta wa mai ba da aiki ya yi wa mai lalura irin wannan gyara daidai gwargwado, idan tana shafar rayuwarsa sosai. Ni an yarda a riƙa rubuto mini umarni maimakon a faɗa mini a tsaye a kan hanya, kuma hakan kaɗai ya rage mini rabin wahala. Ɓoyewar ita kanta aiki ce, kina yini kina nuna komai lafiya, ki koma gida ba sauran ƙarfi.

Malamin Lissafi:
Ƙanwata, can daban nan daban. Ni ban yarda ta je ta ambaci sunan lalurar ba sai ta san wanda za ta gaya wa. Na taɓa gaya wa wani da nake ganin aboki ne a wurin aiki, kafin mako ya zagayo an fara cewa ina zuwa asibitin mahaukata. Duk kuskuren da na yi daga ranar, ko na kowa ne, sai a kalli juna. Akanta kuma amana ce jarinta, idan aka fara cewa kanta ba daidai ba, wa zai bar mata kuɗi?

Likitan Ƙwaƙwalwa:
Ku duka kuna da hujja. Muna da doka yanzu, dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, kuma ta hana nuna wa mutum bambanci saboda irin wannan lalura. Amma doka a takarda daban, zaman ofis daban, Malam bai yi ƙarya ba. Akwai hanyar tsakiya. Kina iya neman abin da kike buƙata ba tare da kin faɗi sunan komai ba. Ki ce a ƙarshen wata kina son awa 2 da safe ba mai shigo miki, ko a matsar da teburinki nesa da janareto, ko a riƙa turo miki buƙatu a rubuce. Ba shugaban da zai ƙi abin da zai sa albashi ya fita a kan lokaci.

Sai gargaɗi, don na san abin da mutane ke yi idan tura ta kai bango. Wanda yake shan maganin ADHD, irin su methylphenidate ko atomoxetine, kada ya ƙara wa kansa adadi don aiki ya taru. Methylphenidate na iya ɗaga bugun zuciya da hawan jini, ya rage cin abinci, ya hana barci idan an sha da yamma, ka ga ya ƙara wa wutar fetur ke nan. Haka lemukan ƙara kuzari da ake sha gwangwani-gwangwani, balle a je ga tiramadol. Sannan ba duk gajiya ce ta ADHD ba. Ƙarancin jini, ciwon maƙoƙo, ciwon suga, matsalar numfashi cikin barci, duk suna kawo kasala da rashin tattara hankali, kuma ana gano su da gwaji. Mata da yawa kuma suna lura abin ya fi tsananta kwanaki kaɗan kafin al'ada, yana da kyau ki riƙa rubuta ranakun.

Idan kuma baƙin ciki ya kai mako 2 bai ɗaga ba, abin da kike jin daɗinsa da ya daina yi miki daɗi, ko tunanin gara mutuwa ya fara zuwa, wannan ya wuce cikar kai, ciwon damuwa ne, kuma yana yawan haɗuwa da ADHD. A ranar za a je asibiti, ba a jira. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Dawanau a Kano, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, ga kuma sashen ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa.

Uwar Biyu:
Na gode Likita. Alhamdu lillahi ban kai can ba, amma na kira an ba ni ranar ganin likitana. Maganar shugabana kuwa, zan bi ta tsakiyar nan, in nemi awa 2 ɗin da matsar da tebur. Maigida ma na nuna masa abin da Yallaɓai ya rubuta, ya karanta ya yi shiru, can ya ce ashe shi ya sa nake wanke labule duk ƙarshen wata.

Ɗan Kwari:
Likita, ina da tambaya, kuma ba gardama ba ce wannan karon. Har yanzu ina ganin akwai masu fakewa da sunan, ban janye ba. Amma abin da Malam ya faɗa na shiru ya tsaya mini. Ƙanena ne ke tsare mini shago na biyu. Tun yana yaro haka yake, ba ya zama, an canza masa makaranta sau 3, Baba ya yi dukan har ya gaji. Amma a ciniki ba kamarsa, mace za ta shigo neman atamfa ɗaya ta fita da 4. Watannin baya na ƙara masa POS da littafin bashi da lissafin kaya, na kuma sallami yaron da ke taya shi. Tun daga nan ya fara canzawa. Yaron da kasuwa ke jin muryarsa ya koma zama a bayan dila. Littafin bashi na duba, mako 2 ba a rubuta komai ba. Na yi masa faɗa a gaban maƙwabta, na ce ko ya fara shaye-shaye ne. Yau kwana 3 wayarsa a kashe, matarsa ta ce yana ɗaki ba ya fitowa sai salla.

Likitan Ƙwaƙwalwa:
Alhaji, ba zan iya cewa yana da shi ko ba shi da shi ba sai an zauna da shi, an ji tarihinsa tun yarinta, an kuma duba sauran abubuwan da na lissafa. Amma mutumin da ya kwana 3 a ɗaki yana buƙatar a je gare shi yau, ba gobe ba. Ka je kai kaɗai. Kada ka ɗauki littafin bashin. Ka tambaye shi yana barci, yana cin abinci, kuma ka tambaye shi kai tsaye ko tunanin cutar da kansa ya taɓa zo masa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sauƙi take kawo masa. Idan ya ce e, kada ka bar shi shi kaɗai, ku wuce asibiti.

Sista a Kaduna:
Kuma Alhaji ka mayar masa da yaron nan da ka sallama, ko ka ba wani littafin. Ka bar shi da abin da ya iya.

Ɗan Kwari:
To. Bayan isha'i zan je, zan biya in sayi tsire in tafi masa da shi. Littafin na bar shi a shago.